BAƘON DA AKA BIYA YA BA MU SHAWARA

Masu karatu ku yi mani afuwa, wannan makon na ɗan jingine labarinmu, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya. Magana ce a kan mutanen nan da ake ɗauko hayarsu daga ƙasashen waje, a biya su da dala, su zo ƙauyukanmu da farar mota su ba da shawara a kan noma ko lafiya ko ruwan sha. Ni ba boko mai zurfi gare ni ba, iyakata sakandare, sai ɗan rubutun littattafan da kuka san ni da shi. To amma na taɓa yi wa ɗaya daga cikinsu tafinta na kwana huɗu tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, kuma abin da na aikata a wannan aiki har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Duk wanda ya san yankinmu ya san albasa ita ce rufin asirinmu. Ana yafa iri bayan damina, a dasa cikin sanyi, a cire da bazara. Lokacin cira kowa ya kwaso tasa ya nufi kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Wanda ya iya adana ta har damina ta yi nisa, shi ne mai riba. Matsalar ita ce ruɓa. Wannan ne ya kawo baƙon namu, an turo shi ya binciko yadda za a rage asarar albasa a wurin ajiya.

Mutumin kirki ne, ba ya da girman kai, kuma ya san aikinsa a takarda. Amma a Birnin Kebbi yake kwana, sai hantsi ya dubi ludayi muke isa gona, kafin la'asar mun juya. Tun ranar farko na fahimci da amsarsa ya zo a aljihu: babban ɗakin sanyi mai aiki da lantarki. Tambayoyin da yake yi duk na neman wanda zai ce masa "haka ne" ne.

Rana ta uku muka tsaya wurin wani dattijo a bayan Aliero, yana gyaran rudunsa, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗaga ƙasanta a zuba albasa iska na ratsa ta. Na gaishe shi, na ce, "Baba, baƙo ne ya zo da shawarar ɗakin sanyi." Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, hwaɗa mai, wanga ɗaki nai wa ka biyan kuɗin wuta? Kuma in an ɗauke wuta kwana ukku, wa ka biya na albasata? Shi tambaye ni abin da ka ruɓar da ita tun daga gona mana."

Jama'a, kun san abin da na faɗa wa baƙon nan da Turanci? Cewa na yi dattijo ya yi murna, sai dai yana ɗan tunanin kuɗin wuta. Na tauna maganar na rage mata ɗaci, saboda kada ran mai biyana ya ɓaci, kuma ina kwaɗayin a sake kirana. Ya rubuta a littafinsa, muka shiga mota. Ga shi kuwa dattijon nan ilmi ne zai ba shi kyauta. Duk manomin albasa ya san in aka cika mata takin zamani ta yi ƙato ta yi ruwa, ba ta jimirin ajiya. Ya san ana yanke mata ban-ruwa kafin cira, a bar wuyanta ya bushe sarai kafin a kai ta rudu. Ya san wadda ta ji rauni wajen cira ita ke fara ruɓewa ta shafa wa 'yan'uwanta. Rabin maganin yana gona, mu kuwa muna can muna zancen gini.

Kada wani ya ce ƙyamar baƙi nake yi. Tarihi ya nuna mana shawara mai kyau da marar kyau duk a ƙasar nan tamu. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi madatsar ruwa madaidaiciya a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a bi abin sannu a hankali. Da aikin ya koma hannun kamfanin Impresit na Italiya sai ya kumbura ya zama ƙato, aka yi ginin daga 1974 zuwa 1978. Aka tashi dubban mutane daga gonakinsu, rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilun 1980. Fadamun da ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da suka saba noman shinkafa da kamun kifi da ita. Darasin a fili yake: in mai auna girman aiki shi ne zai ci kwangilar yin sa, to ba zai taɓa auno ƙarami ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, dubi 'yar rijiyar burtsatse ta fadama da ƙaramin injin ban-ruwa. Ayyukan raya noma da Bankin Duniya ya tallafa wa ne suka yaɗa su tun shekarun 1980, shirin Fadama na shekarun 1990 ya ƙara faɗaɗa su, Jihar Kebbi kuma tana cikin jihohin da suka shiga kashi na biyu a 2004. Su ma da hannun ƙwararrun waje a ciki. Me ya sa wannan ta karɓu har aka jingine jigo? Saboda manomi ɗaya zai iya mallaka, bakanike a kasuwar Jega zai iya gyarawa, kuma ba sai an jira wani ofishi ya buɗe ruwa ba. Shawarar da ta yi daidai da aljihun mai ita, ba ta bukatar talla.

Don haka ga abin da nake ganin ya wajaba a kan duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan ba mu shawara. Na farko, ya zo da kunne kafin baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kwana a garin, ya ga gona da asuba, ya zauna kasuwa ranar ci ya ga yadda dillali ke yanka farashi. Na biyu, ya san lokacin zuwa. Wanda ya zo binciken ajiyar albasa cikin sanyi, sa'ad da take gona, labari kawai zai ji. Na uku, kada ya tsaya ga mutanen da aka jera masa a ƙofar fada. Ya nemi mai ɗan fegi ɗaya, ya nemi mace abokiyar aiki da za ta shiga cikin gida, domin matan da ke busar da lawashi suna yin gabu suna da nasu lissafin da ba wanda ya taɓa tambaya. Na huɗu, ya iya lissafi da kuɗin manomi: nawa ne fetur, nawa ne buhu, nawa ne mota zuwa Kudu. Na biyar, wanda ya fi duka wuya, ya iya gaya wa wanda ya biya shi gaskiya, ko da gaskiyar ita ce, "Abin da kuke son ginawa ba zai yi aiki ba."

Sannan ya bar ilminsa a nan. Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, tana da tsangayar aikin gona da gonar gwaji a Jega. Da ɗan gari kan ci gari. Me zai hana a haɗa kowane baƙo da malamai da ɗaliban wurin, su yi aikin tare, kwafin rahoto ya zauna a ɗakin karatunsu? Me zai hana a taƙaita shi da Hausa a karanta a rediyo, waɗanda aka yi wa tambayoyi su ji abin da aka rubuta da sunansu?

Mu ma sai mun gyara. Da mun hangi farar mota sai kowa ya ninka asararsa, wai ko za a raba tallafi. Mai buhu hamsin ya ce goma ya samu. Tafinta irina ya murɗe magana. Jami'in da ya rako baƙo ya kai shi gonar amininsa. To wanda aka ɗora wa ƙarya a kai, me zai sauke in ba ƙarya ba? Rahoton nan kuma da shi za a yanke abin da za a kashe da sunanmu, wani lokacin ma bashi ne da jikokinmu za su biya.

Bara na bi ta wajen da nufin in nemi gafarar dattijon nan, aka ce mani ya riga mu gidan gaskiya. Rudunsa na nan, 'ya'yansa sun sake masa sabuwar ciyawa, cike da albasa. Na tsaya na yi masa addu'a, na kuma ɗaukar wa kaina alkawarin in Allah Ya sa na sake tsayawa tsakanin baƙo da manomi, zan isar da magana yadda aka faɗe ta, da daɗi ko ba daɗi.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa mu dace. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya.