Ƙorafi Kan Dokar da Ke Lissafa Ɗiyata a Matsayin Asara

Zuwa ga mai girma ɗan majalisar tarayya mai wakiltar yankinmu a Kanbera.



Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Kano. Shekara huɗu ke nan ina kula da tsofaffi a nan Ostireliya, dare da rana, ina biyan haraji. Mun nemi izinin zama na dindindin, sai aka sanar da mu cewa ɗiyata mai shekara tara ba ta cika sharaɗin lafiya ba, domin kurma ce.

Yarinyar nan lafiyarta ƙalau. Abin da aka lissafa shi ne kuɗin malamin maganar hannu da na'urar kunne da taimakon da za ta buƙata a aji, aka tara na shekara goma, aka ce ya haura dalar Ostireliya 86,000, iyakar da aka sa tun Yulin 2024. Kuma bisa ƙa'ida, idan mutum ɗaya a gida ya faɗi, an kayar da gidan duka. A lissafin babu harajina, babu na mahaifinta, babu abin da ita za ta zama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙanenta. A nan aka haife shi. Tun Oktoban 2024 an sassauta wa yaran da aka haifa a ƙasar nan suke kuma zaune a cikinta. Da shi ne kurman, da ba mu shiga wannan hali ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya suke kwana, wurin haihuwa kawai ya raba su. Ɗiyata ta iya Auslan, maganar hannu ta kuramen Ostireliya, da shi take faɗa da ƙanen nata, da shi take ba ni labarin makaranta. Ina za mu kai ta ta sake farawa?

Dokar hana wariya ga nakasassu ta 1992 ba ta kare mu, domin sashe na 52 ya keɓe harkar shige da fice. Kanada kuwa tun 2018 ta cire kuɗin ilimi na musamman daga irin wannan lissafi.

Ina roƙonka ka kai maganar nan zauren majalisa: a cire kuɗin karatu daga lissafin, a kuma faɗaɗa sassaucin 2024 ya haɗa da yaran da suka taso a nan. Kafin nan, ka taimaka a sake duba takardunmu.

 

Mahaifiyar yarinyar