Ra'ayinmu: Takardar da Phule ya miƙa a 1882

Duk wanda ya karanta tarihin ilimi a Indiya zamanin mulkin Turawan Ingila zai ci karo da sunan Jotirao Phule da matarsa Savitribai, waɗanda suka buɗe makarantar 'yan mata a birnin Pune a 1848. Ana yawan ba da labarin tsangwamar da suka sha, yadda ake jifan Savitribai da laka da kashin shanu a hanyar makaranta, da yadda mahaifin Jotirao ya kore su daga gida. Labari ne mai taɓa zuciya, kuma hukumomi na son irinsa, domin yabon malami bai taɓa cin ko kwabo daga baitulmali ba.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne takardar da Phule ya miƙa wa kwamitin Hunter, wanda gwamnatin mallaka ta kafa a 1882 don duba sha'anin ilimi. A ciki ya zargi gwamnati da karɓar haraji daga gumin manoma tana kashewa kan manyan makarantu, inda 'ya'yan masu asali ne kawai ke cin moriya. Ya nemi a tilasta karatun firamare har shekara 12. Sa'an nan ya juyo kan malamin kansa: a horar da shi, a ɗauko shi daga cikin manoman da zai koyar da 'ya'yansu, kuma kada albashinsa ya gaza rufi 12 a wata. Mutumin da ya ɗanɗana kora saboda karantarwa bai ji kunyar maganar kuɗi ba, don ya san ruwan ciki aka ja na rijiya da shi.

Muna jawo hankalin 'yan'uwa malamai ga wannan ne saboda masu ce mana neman haƙƙi ya saɓa wa sadaukarwa, kamar dai malamin kirki shi ne wanda iyalinsa ke kwana da yunwa ya yi shiru. Albashin malamin firamare na cikin gyaran ilimi tun daga tushe, kuma haka Phule ya rubuta shi.

Kwamitin Hunter bai amince da karatun dole ba. Gokhale ya sake kawo ƙudurin a majalisa a 1911, aka yi watsi da shi a shekarar da ta biyo. Sai a 2009 Indiya ta kafa dokar ilimi kyauta kuma dole ga yara 'yan shekara 6 zuwa 14, shekara 127 bayan takardar Phule.