Ina Za Mu Zuba Ajiyarmu?

Mu malaman Gwandu da Kalgo, idan har za mu kai ajiyarmu kasuwar hannun jari ta Legas, ya kamata mu fifita asusun da ya tattaro manyan kamfanoni, irin mai bin ma'aunin NGX 30, a kan na ƙanana. Ƙaramin kamfani kan bunƙasa da sauri, gaskiya ne, amma ranar da kuɗin makarantar yara ya taso, hannun jarinsa kan rasa mai saye, albashinmu kuwa ba ya jure jira. Manyan ma sun durƙushe a 2008, saboda haka kada mu taɓa kuɗin cefane. Mai gudun riba yana da asusun Lotus Halal, wanda ba ya sayen jarin bankuna masu kuɗin ruwa.