Ina Mafita Ga Ofisoshin Zuru?

Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Office 2016 da Office 2019. Ke nan duk ofishi ko makaranta a Zuru da ke aiki da su, ƙofarsa a buɗe take ga ɓarayin bayanai, ga kuma tsadar sabon lasisi.

To, akwai mafita. A 2010, bayan Oracle ya sayi kamfanin Sun, wasu masu gina OpenOffice suka ɓalle suka kafa LibreOffice, wadda ake sakawa kyauta. A 2024 Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mai da kwamfutoci wajen 30,000 kanta.

Amma fa kyauta ba ta hana ɗawainiya. Wajibi ne hukumomin Kebbi su horar da akawuna, su gwada tsofaffin takardu, kafin a saka.