Ra'ayinmu: Digirin Birtaniya ba shi ne takardar samun aiki ba

Kowace shekara dubban matasan Najeriya ke tafiya Birtaniya yin digiri na biyu. Lissafin da yawansu ɗaya ne: a yi karatun shekara guda, a samu aiki, a biya bashin da aka ci, sannan a riƙa aiko wa gida. Akwai iyayen da suka sayar da fili ko gona a kan wannan lissafi. Muna ganin lokaci ya yi da za a sake shi, domin ƙa'idojin da aka ɗora shi a kansu sun canza.

Tun watan Yulin 2021 Birtaniya ke bai wa wanda ya kammala karatu bizar zaman shekara biyu domin neman aiki, mai digirin digirgir kuma shekara uku. Bizar nan ba a sabunta ta. Kafin ta ƙare, sai mutum ya samu kamfani mai lasisin ɗaukar nauyin baƙi, in ba haka ba ya tattara kayansa. Gwamnatin ƙasar ta kuma sanar da rage wa'adin shekara biyun zuwa wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027.

Babban shingen shi ne albashi. A Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, a Yulin 2025 ya koma fam 41,700. Akwai rangwame ga sababbin kammala karatu, wanda ya sauko da shi fam 33,400, amma na shekara huɗu ne kawai, kuma zaman da aka yi da bizar neman aiki na cikin lissafi. Wato wanda ya kwashe shekara biyu yana ɗora kaya a rumbun ajiya ya cinye rabin damarsa. Aikin kula da tsofaffi da mutane da yawa suka fake da shi, an rufe shi ga masu nema daga waje, na cikin ƙasar kuma an ba su zuwa 2028.

Saboda haka ranar da ɗalibi ya sauka daga jirgi, ranar neman aiki ya fara. Manyan kamfanoni kan buɗe guraben sababbin ma'aikata ne a watannin ƙarshen shekara, daidai lokacin da ɗalibinmu ke neman ɗaki da rigar sanyi. Wanda ya jira sai ya karɓi sakamako, ya makara. Tun ran gini, ran zane.

Sunayen kamfanoni masu lasisi suna nan kyauta a shafin gwamnatin Birtaniya. A duba su tun kafin a zaɓi kwas, a ga ko fannin yana da masu ɗauka. Sa'o'i 20 da doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki a mako, a yi ƙoƙari wani ɓangarensu ya shafi fannin da ake karanta. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo takardar ɗaukar nauyi, a guje shi, domin ƙarshen cinikin asarar kuɗi ne ko korar mai saye.

Sauran ƙasashe ma da nasu wa'adin: Jamus wata 18, Amurka wata 12, ko 36 ga masu kimiyya da fasaha.

Ga iyaye kuwa, kafin a sa hannu a takardar sayar da gona, a tambayi yaro abu ɗaya: idan aikin bai samu ba, wannan digiri zai ci da kai a Kano ko Abuja? In amsar e ce, a yi masa addu'a ya tafi. Dawowa gida da ilimi ba abin kunya ba ne. In kuwa a'a ce, a bar gonar tukuna.