Injin Wasa Wuƙa Mai Bel: Kuɗin Da Ba A Rubuta A Jikinsa Ba

Ranar wata Asabar ƙanina ya shigo min da waya a hannu, baki har kunne. Wata uku ke nan da son ƙera wuƙa ya kama shi, tun da ya fara kallon Forged in Fire, shirin nan na Amurka da aka soma nunawa a 2015, inda ake tara maƙera huɗu a ba su 'yan sa'o'i kowa ya fito da wuƙarsa. Ma'aikacin ofis ne, kuma a danginmu kaf ba wanda ya taɓa riƙe awartaki. Ya miƙo min hoton wani inji, ya ce, "Yaya, wannan kaɗai ya rage min. In na same shi an wuce wurin."

Na ce masa ya zauna. Na jawo biro da bayan wani ambulan.

Injin ba wani abin mamaki ba ne. Moton lantarki ne yake juya dogon bel na samfefa a kan tayoyi uku ko huɗu, kai kuma ka danna ƙarfe a jikin bel ɗin yana cinye shi har ruwan wuƙa ya fito. Wanda masu wannan sha'awa a Amurka suka ɗauka a matsayin na gaske shi ne mai bel inci 2 a faɗi, inci 72 a tsawo. Tsawon nan yana da dalili: kowane ɓangare na bel ɗin yana samun damar hucewa kafin ya sake zagayowa kan ƙarfe, don haka ya fi daɗewa. Masu suna irin su KMG da Bader, idan aka haɗa da moto da na'urar rage gudu, suna haura dala dubu tun suna can ƙasarsu. Tun da aka saki Naira a 2023, har dala ta haura Naira 1,500 a 2024, wannan ya zama maganar miliyoyi, kafin a zo ga kuɗin jirgi, abin kuwa ƙarfe ne zalla mai nauyin gaske, kafin kuma kwastan su ce uffan.

Ya ce ai akwai ƙarami, mai inci 1 da 30, wanda a can bai kai dala ɗari ba. Akwai. Motonsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin doki ne, da ka danna da ƙarfi sai ya nemi tsayawa, gudunsa ɗaya ne ba ya raguwa, farantin da ke bayan bel ɗin kuma yana lanƙwasa. Yana da amfani wurin gyara mariƙi da ƙananan wuƙaƙe. Amma kusan duk wanda ya saye shi don fitar da ruwan wuƙa, bai cika shekara ba zai fara hangen babban, ya zama ya biya sau biyu. Na kafintoci mai inci 4 da 36 kuwa don katako aka yi shi, kuma babu sarari a gefen farantinsa da za ka fitar da layin nan da ke raba kaifi da gindin wuƙa.

Sai muka zo ga abin da na fi so ya ji. Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawa da dusa na kullum su ne, kuma bel shi ne harawar wannan injin. Ba ɗaya ake saye ba. Ana fara cin ƙarfe da mai kaushi, lamba 36 ko 60, a koma 120, a koma 220, wasu har 400, kowace lamba tana goge zanen da ta baya ta bari. Mai araha, na aluminiyam oksaid, ƙarfe mai tauri yana cinye shi nan da nan. Mai nagarta shi ne na siramik, irin Cubitron na kamfanin 3M ko Blaze na Norton, ɗaya yana tasam ma dala goma. Sabon shiga yakan ji zafin kuɗin, ya ci gaba da aiki da bel ɗin da ya riga ya mutu. Mataccen bel ba ya yanka, guga kawai yake yana haifar da zafi, mutum ya ƙara dannawa, layi ya karkace. Ga shi ba abin da za ka aiki yaro ya sayo a bakin titi ba ne. Sai an yi oda daga waje, a jira makonni. In ka ce bari ka tara da yawa ka huta, mahaɗin bel manne shi aka yi, kuma zafin bazara da laimar damina ba sa raga wa manne. Bel ɗin da ya tsinke yana tsakiyar gudu mari yake kaiwa, ba ya zaɓen inda zai sauka.

Wuta kuma fa? Amurka na amfani da bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa, mu namu 230 ne da 50. Ko moton ya yarda da bolt ɗinmu, gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida: mai juyi 3,450 a minti ya dawo wajen 2,850. Kuɗin mita, in faɗi gaskiya, ba shi ne matsala ba. Moto mai ƙarfin doki biyu kusan kilowat ɗaya da rabi yake ja, ko da farashin Naira 225 da aka ɗora wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, aikin sa'a guda bai kai Naira 400 ba. Matsalar ita ce a kawo wutar a daren da ka taso aiki kana da sa'a biyu rak. Ƙaramin janaretan da ke kunna masa fanka da talabijin bai kai kilowat ɗaya ba, moto kuwa yana jan ninkin-ba-ninkin abin da yake ci a lokacin tashi. Sai na rubuta "babban janareta" a layi na gaba, na sa "fetur" a ƙarƙashinsa. Na'urar rage gudun ma ba ta son wuta mai hawa da sauka, kuma ƙurar ƙarfe na kashe ta in ba rufaffiya ba ce.

Nan ya kawo dabarar da ni ma na yarda tana da ma'ana: a kai hoton Panteka a Kaduna, a haɗa shi a gida. Mutanen da suke ƙera injin markaɗe da na surfe, firam na ƙarfe da moto ba zai gagare su ba. Wurin da aikin yake wuya shi ne tayoyin. Dole su zauna a layi ɗaya cif, tayar da ke daidaita bel ta ɗan yi tozo a tsakiya, boris ya zama mai kyau, in ba haka ba bel ya riƙa zamewa gefe kana bin sa. Za a rage kuɗi sosai, amma harawar tana nan daga waje za ta zo.

Akwai kuma asarar da ba a biya da Naira kai tsaye. Bayan an gasa ƙarfe ya wuce digiri 770, inda maganaɗisu ke daina kama shi, an ƙara kaɗan an tsoma a mai, an sake ɗumama shi wajen digiri 200 don kada ya karye, saura gyaran kaifi. A nan ne injin yake cin amanar sabon shiga. Bakin wuƙa siriri ne, daƙiƙa biyu ta isa ya yi launin tsakin dawa, ya koma shuɗi, kuma shuɗi yana nufin ya kusa digiri 300, taurin ya tafi. Aikin sati biyu ke nan. Magagari ba ya yin haka. In ka karkace, kana gani tun kuskuren yana ƙarami. Ƙurar ma abin lissafi ce: ta ƙarfe, ta katako, ta ƙaho mai warin ƙonannen gashi, duk huhu take nufa, kuma ƙyallen rufe hanci na zamanin korona ba ya tare ta. Tartsatsi ya faɗa kan garin katako kuwa, gobara ce. Ƙanina kuma gidan haya yake, tsakar gida ɗaya da yaran maƙwabta.

Na tambaye shi wuƙa nawa zai yi a wata. Ya ce ɗaya, in aiki ya yi sauƙi biyu. Na ce mu ɗauka kuɗin kafa injin gaba ɗaya ya tsaya a Naira miliyan biyu, ya yi wuƙa ashirin a shekarar farko: kowace ta tashi a dubu ɗari, ban da bel, ban da ƙarfe. Maƙerin unguwarmu kuwa da guntun sifirin mota yake yin ta, da gawayi da zugazugi da masaba, ya gyara da magagari, mahauta su yi shekaru suna fiɗa da ita. Ana gobe Babbar Sallah mai wasa wuƙa yana zuwa har ƙofar gida da dutsensa, ya gyara ta gidan duka da kuɗin da bai kai na bel ɗaya ba.

"To ai ni ba don riba nake yi ba, Yaya."

Na san haka, kuma ban ga laifinsa ba. Wani tattabaru yake kashe wa albashi. Abin da nake shakka shi ne ko sha'awar wata uku za ta kai shekara, domin in ta mutu, ban san mutum nawa ne a garin nan za su taya irin wannan inji ba. Na ce ya fara yin goma da hannu: giranda irin ta masu walda don yanke siffa, magagari biyu, mai kaushi da mai laushi, sai katako da sandar ƙarfe da zai ɗaura magagarin a kai don kwana ya zauna daidai. In ya kai ta goma bai gaji ba, ni zan raka shi Panteka.

Ya ninke ambulan ya sa a aljihu, ba tare da ya ce ya yarda ba. Bayan sati biyar ya kawo wa Hajiyarmu wuƙarsa ta farko, gefe ɗaya ya fi ɗaya kwanciya, mariƙin ya ɗan yi mata kauri. Da ita take yanka kuɓewa yanzu. Ta biyu tana nan ɗaure a kan bencinsa, rabi a goge, hoton injin kuma har yau shi ne a fuskar wayarsa.