Takalmi Ɗaya, Sunaye Barkatai



Da zarar damina ta sauka, dogon takalmin nan na roba kan fito daga ƙarƙashin gado: mai noman shinkafa a fadama, da mahauci a kwata, da mai yashe kwalbati, kowa da nasa. Takalmin ɗaya ne, amma sunansa ya danganta da bakin da ya kira shi. A zangunan Gana za ka ji ana cewa welintin. A Nijar da Kamaru, inda Faransanci ya zauna, bot ake cewa. A Najeriya wasu su ce renbut, wasu takalmin ruwa, wani gida kuma takalmin danƙo suka tashi suka ji kakansu na faɗa.

Muna ganin wannan bambanci ba abin dariya ba ne. Su kansu masu abin ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. A Ingila sun laƙaba masa sarautar Welintin, sarkin yaƙin da ya karya Nafoliyon a Watalu a 1815, alhali takalmin da shi ya sa aka ɗinka masa na fata ne. Na roba ya biyo baya, bayan da Charles Goodyear ya gano yadda ake dafa danƙo da farar wuta don ya jure zafi da sanyi, kuma a 1853 aka kafa kamfanin Aigle a Faransa yana yi wa manoma irinsa. A Ostareliya da Afirka ta Kudu gambut ake kiransa, har ma'aikatan ramukan zinariya na Afirka ta Kudu suka ƙirƙiro rawa da shi. Ba wanda ya ce Turancin waɗannan gurgu ne.

To, don me yaron Kumasi ko na Garwa zai buɗe baki ya ce welintin ko bot, sai a kwashe da dariya, a ce masa wannan ba Hausa ba ce? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kalmar da ke bakinsa shaida ce ta inda fatauci da neman ilimi suka kai iyayensa. Aro kuwa ba baƙo ba ne a harshenmu: huffin da malamai ke karantar da hukuncin shafa a kansa daga Larabci muka samo sunansa, ba kuma wanda ya kore shi.

Illar wannan ba'a a fili take. Yaron da aka muzanta sau biyu sau uku yakan kama bakinsa, ya koma Turanci ko Faransanci inda ba mai gyara masa da gatse. Ta haka harshe ke fita daga gida, a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Shawararmu ita ce, a rubutu da sanarwa a riƙa cewa takalmin ruwa, domin mutumin Damagaram da na Akara duk za su gane. A cikin gida kuwa kowa ya riƙe sunan da ya gada, in yaro ya tambaya a faɗa masa daga inda ya zo. Ku ma ku gaya mana yadda ake kiransa a unguwarku.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.